Sunan Mai Rijiya

Tun da na dawo daga Amirka ban huta da tambaya ba. Da na zauna gindin darbejiyar ƙofar makarantarmu a Dutsin-Ma, sai wani ya matso: "Malam Iro, wai da gaske ne ruwa na daskarewa a tulu?" Wani kuma so yake ya ji ko na ci alade. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta gaba ɗaya, mai so ya karanta ya bar ni in sha iska. Sai dai in faɗa maku tun yanzu, wanda ke jiran labarin dogayen benaye zai tashi da haushi. Karatun tarihi na tafi yi, kuma a kan suna guda ɗaya na kusa rasa kakata.

Inna uwar mahaifina ce. Ita ta rene ni a Ɗantutture, don mahaifina ya rasu ina goye, mahaifiyata kuma ta sake aure can nesa. Asalinmu masu shanu ne. Surukin Inna, wato kakan mahaifina, shi ya taso da mu daga arewa wata shekara da fari ya kashe dabbobi. Ya iso da ɗansa guda da matar ɗan, wato Inna, da 'yan shanun da suka rage. Ya haƙa rijiyar da ke bayan gidanmu, bai shekara biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Mutanen gari ba su san shi da wani suna ba sai Mai Rijiya. Duk wannan a bakin Inna na ji, tana kaɗin auduga ina kwance gefen tabarma, rabin hankalina na wurin wasa.

Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne, kamar kowa. Ba ta taɓa kirana Iro ba, sai "ragon miji". Ranar da zan tafi, shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, ta miƙo mani ƙulli uku a tsumma, kuka da daddawa da yaji, ta ce, "Ungo, ragon miji. Ka gudu ka bar ni da damina. In sun hana ka tuwo, ko miya ka kaɗa ka sha." Ba ta raka ni ba, ba ta kuma yi kuka a gabana ba.

Jaki ya kai akwatina Kurfi. Daga nan na hau motar kasuwa, na zauna bisa buhunan gyaɗa, wani tsoho mai awaki biyu na riƙe da ƙafata duk lokacin da muka faɗa rami. Ya tambaye ni ina za ni, na ce Amirka. Ya ce, "Gaba da Zariya ce?" Na ce gaba kaɗan. Ya ce to in gaishe su.

Tun wajen yin fasfo aka fara yi mani maganar suna. Akawu ya ce in faɗi sunan zuriyarmu. Na ce sunana Ibrahim, na faɗi na mahaifina. Ya ce ba wannan ba, sunan da gidanmu duka ke amsawa, daga kakanni har jikoki. Na ce mu ba mu da wannan. Ya dube ni sama da ƙasa, ya rubuta sunan ƙauyenmu kamar yadda aka yi mani a makaranta, ya buga hatimi. Ban ɗauki abin a bakin komai ba.

Jirgin sama na hau a Kano. Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro, har muka sauka Landan ban saki hannun kujera ba. Daga can wani jirgin ya tsallaka teku da mu. A bakin iyakar Amirka wani ma'aikaci jajawur ya buɗe akwatina, ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci. Ya ja da baya yana tari, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shinshina. Na yi bayani iyakar Turancina, cewa kayan miya ne, kakata ta yi da hannunta. Ya ce ya yarda, amma doka ba ta yarda ba. A gabana ya jefa daddawa da kuka cikin kwandon shara, yaji kawai ya bar mani. Na tsaya ina kallon tsumman Inna a cikin shara, amma layi na bayana, dole na wuce.

Daga nan motar safa, yini da kwana da wani yinin. Kwalejin ƙarama ce, a wani ƙaramin gari tsakiyar gonakin masara. Ɗalibanta duka ba su kai mutanen da ke cin kasuwar Kurfi ranar da ba ta cika ba. Aka haɗa ni ɗaki da wani ɗan manomi mai suna Bil, dogo, mai yawan dariya. Ranar farko ya shigo ya tarar da ni na kai goshi ƙasa, ya ɗauka wani abu ya faɗi mani, ya durƙusa yana taya ni nema a ƙarƙashin gado. Da na sallame na yi mashi bayani, kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi ja. Washegari ya samo taswira, muka fitar da alƙibla tare, ya yi alama da alli a bango.

Abinci ya ba ni wahala. Wata uku ina kan ƙwai da burodi da dankalin Turawa, don kowane nama na gani sai zuciyata ta ce alade ne. Yajin Inna nake barbaɗawa kaɗan-kaɗan, sai da ya kai ni tsakiyar sanyi. Madara tasu mai yawa ce amma ba ta da rai, sanyi ƙarara daga kwalba, babu mai dama maka komai a ciki. Masarar nan kuwa da ta cika ƙasar, ashe yawancinta dabbobi ake ba. Akwai kuma abin da ba na dariya ba. Wani mai aski a garin ya ce mani bai iya irin gashina ba, alhali ko kallon kaina bai yi ba. Bil ne ya riƙa yi mani aski da almakashi har na gama, kuma wallahi bai taɓa iyawa ba.

Ni na zaci daga zuwa sai tarihi. Ina. Tsarinsu shi ne sai ka ɗanɗana komai tukuna. Sai da na karanta duwatsu, na karanta taurari, har aka zaunar da ni ina sauraron kiɗan goge na mutanen da suka mutu tun tuni, wai in faɗi abin da na ji. Na ce na ji barci. A shekara ta biyu ne na faɗa hannun Farfesa, wani tsoho siriri mai tari, wanda ke koyar da mu tarihi mu goma sha biyu a kewayen tebur guda. Shi ba ya tsayawa gaban allo. Ka faɗi magana, sai ya cire tabarau ya ce, "Wa ya faɗa? Shi a ina ya ji?" Ɗaliban na jin haushin wannan tambaya, ni kuwa daɗi ta yi mani, don na san ta tun a zaure, inda malami ba ya kawo hadisi sai ya ce daga wane, daga wane.

Lokacin hutu Bil ya kai ni gidansu. Can na ga abin da ya ɗaure mani kai. Uwarsa ta leƙo ta taga ta ƙwala wa mijinta kira da sunansa, gatsal, a gaban baƙo, shi kuma ya amsa ko a jikinsa. Ni ne na sunkuyar da kai. Uban sunansa Bil, ɗan ma Bil, kakan ma haka, kuma kowa na faɗi ba wanda ke kaucewa. Suka fiddo wani tsohon littafin addininsu, a shafin farko an jera sunayen kakanninsu da ranar haihuwa da ta mutuwa, hannu daban-daban. Maƙabartarsu ma kowane kabari da dutse da suna. Uwar Bil ta tambaye ni sunan kakan mahaifina. Na buɗe baki na ce Mai Rijiya, na fassara mata. Ta ce, "Ayya, laƙabi mai daɗi. To sunansa fa?" A ranar na fara jin kunyar abin da bai kamata in ji kunyarsa ba.

Duk wannan lokaci wasiƙa na zuwa daga gida, wata uku-uku. Malam Sada, malamin dagacinmu, shi ke rubuta wa Inna, shi ke karanta mata tawa. Mutum ne mai tsantseni, ba ya ƙari ba ya ragi. Kowace wasiƙa da saƙonta take ƙarewa: a gaya wa ragon miji danga ta faɗi, a gaya wa ragon miji an ga wani saurayi na zagaya gidan, in bai dawo ba shi ya sani. Nakan fara karanta ƙarshen kafin farkon.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi zai rubuta dogon bincike. Na ce zan yi a kan yaƙe-yaƙen Turai. Farfesa ya ce, "Masu rubuta wannan sun yi yawa. Wa ya rubuta na ƙauyenku?" Na koma na zuba duk abin da na tuna daga bakin Inna: fari, tafiya, mashayar da suka yada zango, rijiya. Ya karanta, ya dawo mani da takardun ya ja layi ƙarƙashin Mai Rijiya duk inda ya fito. Ya ce, "Mutumin nan shi ne ginshiƙin labarinka, kuma ba shi da suna. Akwai mai rai da ya sani?" Na ce mutum ɗaya. Ya ce, "Shekarunta nawa?" Na ce ta tsufa. Ya ce, "To rubuta gida yau."

Nan na yi wautar da har gobe in na tuna sai in ji zufa. Na san sarai mace ba ta faɗin sunan mijinta, balle na surukinta. Da wannan aka haife ni. Amma shekara uku ina zaune inda ake kiran uba kamar ana kiran ɗan akuya, kaina ya kumbura, na ɗauka ilimi ya wuce kunya. Na zauna na jera wa Inna tambayoyi goma, da lamba, kamar jarrabawa. Ta farko, na rubuta sunan mijinta ƙuru-ƙuru, na ce ta faɗi sunan ubansa da na uban ubansa, a rubuto mani da gaggawa. Ko gaisuwar kirki ban tsaya yi ba.

Amsa ta zo ana tsakiyar dusar ƙanƙara. Malam Sada ya rubuta: "Na karanta mata kamar yadda ka rubuta, a tsakar gida, matan maƙwabta na nan ana sussuka. Da na zo kan sunan marigayi sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta fito ba sai la'asar. Ta ce a gaya maka ita ba ta san rashin kunya aka kai ka koyo ba. Ni ma da na san abin da ke ciki da na fara dubawa." Na juya takardar ina neman saƙon ragon miji. Babu.

Da farko fushi na yi, ba zan yi ƙarya ba. Na ce wannan wane irin duhun kai ne, suna guda za a bari ya shiga kabari saboda al'ada. Na je na zazzage wa Farfesa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kai ka san da wannan al'ada kafin ka rubuta?" Na ce na sani. Ya daɗe yana goge tabarau. Ya ce, "Ni na tura ka, laifina ne rabi. Amma ni ban san gidan ba, kai ka san shi. Shekara uku ina koya maka ka tambayi wa ya faɗa. Ban koya maka ka tambayi wa ya yi shiru ba, da dalilinsa. Rubuta wannan. Wurin sunan kuma ka bar shi fili."

Haka na yi. Binciken ya karɓu, har aka sa ni na karanta wani sashe a gaban malamai. Suna tafi, ni kuwa zuciyata na Ɗantutture. Na aika wasiƙar ban haƙuri sau uku. Malam Sada ya amsa cewa ya karanta mata a ɗaki, ita kaɗai, ta ce ta ji. Daga "ta ji" ba ƙari. A ta ƙarshe ya ce ƙafafunta sun kumbura, ba ta fita ko bakin rijiya. Daga ranar sunan ya fita raina. Abin da nake roƙon Allah kawai in same ta da rai, ta sake zagina ko sau ɗaya.

Ban tsaya yawon da abokai suka shirya bayan bikin gama karatu ba. Bil ya kai ni tasha, ya rungume ni yana hawaye a gaban jama'a, wani abin da har na baro ƙasar ban saba da shi ba. Na sauka Kano da damina. Motar da na hau ta kafe a wani rafi kafin Kurfi, muka sauka muna turi, takalmin da na saya don a gan ni da shi ya tafi da laka. Daga Kurfi na bar akwati wurin wani mai shago, na taka da ƙafa, gero ya kai ƙugu hagu da dama.

Na same ta kwance a ɗakinta, ta rame har na tsorata. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta. Ta dube ni, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. An dawo lahiya?" Malam. Da mari ta yi mani da ya fi sauƙi. Ta sa aka kawo mani fura, aka shimfiɗa mani tabarmar baƙi.

Ban tambaye ta komai ba. Na cire rigar Turawa na rataye. Da safe in ɗebo mata ruwa a rijiya, in gyara dangar da ta faɗi tun bara, in yi jinkar ɗakinta inda ke yoyo, hannuwana da suka saba da alƙalami duk suka yi kanta. In na gama in zauna bakin ƙofa. In ta yi magana in amsa, in ta yi shiru in yi shiru. Kwana shida muna haka, kullum Malam.

Rana ta bakwai da hantsi ta ce wa matar da ke jinyarta ta je ta dubo awaki. Ta ce in matso. Ta ce, "Ina takardar taka mai lamba?"

Na ce, "Inna, na bar ta can. Ki yafe mani."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ce, "Ka san abin da ya sa ya haƙa rijiyar nan? Ban taɓa gaya maka ba. Ina da cikin ubanka, ruwa sai an je rafi, tafiyar rabin yini. Wata rana na faɗi da tulu a hanya. Bai ce mani komai ba, don ba ma haɗa ido ni da shi. Washegari na ji sara a bayan gida. Tsoho ne, ga yunwa. Wata huɗu yana haƙa. Ranar da ruwa ya fito ya aiko mani da ƙwarya guda ta hannun ɗansa. Ƙirjin da ya kama shi cikin ramin nan shi ya kashe shi." Ta numfasa. "Wannan mutum kake so in kama sunansa a tsakar gida, gaban matan sussuka."

Na kasa ɗaga kai. Hawaye na ɗiga bisa tabarma, ban share ba.

Ta ce, "Shekara hamsin da wani abu bai fito bakina ba. Ko a zuci na zo kansa sai in kauce. Amma tun da na kwanta nake tunani. In na tafi da shi, wa zai roƙa mashi gafara da sunansa? Kowa sai Mai Rijiya, kamar ba uwa ce ta haife shi ba." Ta ja mayafi ta rufe fuskarta duka, ta juya ta fuskanci bango. Na kai kunne kusa. Ta faɗa sau ɗaya, a hankali. Suna ne na Fulanin da, ban taɓa jin mai shi ba a duk ƙasar nan.

Can daga cikin mayafi ta ce, "To tashi ka ba ni wuri, ragon miji. Shekara huɗu ka tafi, ko turmin zane ba ka riƙo mani ba."

Allah ya ara mata kwana har na yi aure, har matata ta haihu, namiji. Ranar suna na raɗa wa liman sunan Mai Rijiya a kunne, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗa sau ɗaya, jama'a suka shafa fatiha. An ce Inna na ɗaki ta toshe kunnuwanta da yatsu. Da aka kai mata jaririn ta karɓe shi da hannu biyu, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Sannu da zuwa, Baffa." Shi ke nan kowa ya kama Baffa. Ta rasu kafin ya fara rarrafe.

Kwafin binciken na nan cikin akwatina, wurin sunan har yau fili ne. Na rubuta wa Farfesa na gaya mashi an samu, ya amso da murna, ya ce in aiko a cike gurbin. Na ɗauki alƙalami ya fi sau biyar ina ajiyewa. Abokaina ma na gindin darbejiya, da suka ji labarin, sai su ce, "To Malam Iro, bayan duk wannan wahala, mene ne sunan?" Wanda ya zo suna ya ji da kunnensa. Wanda bai zo ba ya jira Baffa ya yi wayo ya tambaye shi, zai faɗa maku. Ni dai ɗan farina ne, bakina ba ya iyawa.